Yayen rana: daga ƙarshen hutun haihuwa zuwa wata tara

Asabar, 23 ga Agusta, 2025

Saura mako uku da kwana biyu in koma aji. Ummi tana da wata biyar da kusan mako biyu, kuma in ban da ɗan dabinon da aka shafa mata a dasashi ranar haihuwa da ɗigon rigakafi, nono kaɗai ta sani. Ko ruwa ba ta taɓa sha ba. Hutun wata shida da jihar Kaduna ke ba ma'aikatanta mata tun 2019 ne ya kawo mu nan, sai kuma ƙarshensa ya faɗo cikin dogon hutun makaranta.

Lokacin yayanta ba haka aka yi ba. Ina koyarwa a makarantar kuɗi, mako 12 aka ba ni kamar yadda dokar ƙwadago ta tanada, na kuma ci wani ɓangare kafin in haihu. Yana da wata biyu na miƙa shi ga madarar gwangwani da fida. Kafin ya cika wata huɗu nonona ya kusa ƙafewa, shi kuma gudawa ta kwantar da mu kwana uku ana masa ƙarin ruwa. Har yau ina ganin allurar nan a bayan hannunsa. Shi ya sa na buɗe wannan littafi, don kada a wannan karon abu ya wuce ni ina ji ina gani.

Abin da na ƙudurta: zan yaye ta da rana kawai, daga bakwai da kwata na safe zuwa biyu da rabi. Asuba, la'asar da dare suna nan yadda suke.

Talata, 26 ga Agusta

Kasuwar Sabon Gari. Famfon tatsa na hannu ₦13,500, robobi masu murfi guda shida ₦3,600, ƙaramar kula ₦6,000, ƙananan kofuna biyu da cokula ₦1,500. Jimla ₦24,600. Mai shagon ya yi ta turo min fida, na ce a'a. Bakin fida yana da lungun da soso ba ya kaiwa, kofi kuwa ko a ina ana iya wanke shi tas.

Mun daidaita da Iya, dattijuwar da ke bayan layinmu, a kan ₦20,000 a wata. Ta reni jikokinta bakwai, hannunta na da tsafta, kuma tana da haƙuri.

Alhamis, 28 ga Agusta

Na yi minti 20 da famfo, abin da na samu bai rufe gindin roba ba. Na zauna na yi tagumi, don in haka za a yi, shirin ya rushe tun kafin a fara.

Da na je awo na faɗa wa nas ɗin da ke duba mu. Ta ce laifin lokaci ne, na tatsa bayan yarinya ta ƙoshi, kuma hankalina a tashe. Ta nuna min tatsar hannu: babban yatsa a sama, manuniya a ƙasa, nesa kaɗan da kan nono, a tura baya wajen ƙirji sannan a matse a saki, ba a jan kan. Ta kuma ba ni ƙa'idar ajiya, na rubuta a bangon littafin nan: a ɗaki mai sanyi awa huɗu, a kula da ƙanƙara har kwana ɗaya, a firjin da wutarsa ba ta yankewa kwana huɗu. Abin da yaro ya sha ya rage, in ya wuce awa biyu a zubar. Ba a tafasa shi, ana tsoma robar ne cikin ruwan ɗumi.

Lahadi, 31 ga Agusta

Da asuba, tana shan ɗaya ina tatsar ɗaya: mililita 70. Ashe lokacin ke nan.

Laraba, 3 ga Satumba

Kwana uku muna fama da kofi. In ni na miƙa mata, sai ta ture, ta kifa fuska a ƙirjina tana kuka, ni ma zuciyata ta karye in ba ta. Yau Iya ta ce, "'Yar nan, fita za ki yi. Muddin tana jin ƙamshinki ba za ta karɓa ba." Na sa hijabi na tafi maƙwabta na zauna awa ɗaya da rabi, kunnena na gida. Da na dawo na tarar ta sha rabi. Iya ta zaunar da ita a cinya, ta kafa bakin kofin a leɓenta na ƙasa, ta karkata shi har nonon ya taɓa leɓen, ba ta zuba mata ba, ita da kanta take lasa tana kurɓa. Wannan ba ɗura ba ce, kuma na roƙi Iya kada a taɓa yi mata ɗura ko da kunu ne, don ta haka yaro ke shaƙewa abin ya bi masa ta huhu.

Laraba, 10 ga Satumba

Wata shida cif. Cokali biyu na kunun gero, mai kauri yadda in an karkata cokali ba zai zube ba. Ta yamutsa fuska, ta turo rabi waje da harshe, ta haɗiye rabi. An ba ta bitamin A a wajen awo. Nauyi kilo 7.1.

Litinin, 15 ga Satumba

Ranar farko. Na shayar da ita bayan sallar asuba, na ƙara da bakwai saura, na bar roba biyu a kula da kunu a filas. Ban yi mata sallama ba, na fita tana bayan Iya.

Wajen goma da rabi ina tsaye gaban allo ina warware lissafi, na ji ƙirjina ya ɗaure, kafin a kaɗa ƙararrawar fita tara gaban rigata ya jiƙe. Hijabi ne ya rufa min asiri. Ofishin malamai maza da mata ne a haɗe, banɗaki kuwa ba wurin haɗa abincin yaro ba ne. Na je wajen shugabar makaranta na gaya mata gaskiya, na kuma ambata mata cewa sashe na 54 na dokar ƙwadago ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Ta ce ba sai an kai ga doka ba, ita ma ta yi goyo tana aiki. Ta ba ni makullin siton littattafai. Akwai ƙura, amma akwai kujera da sakata. Mililita 110.

Da na shigo gida Ummi ta gan ni, ta yi shiru kamar tana tantama, sannan ta fashe da kuka. Ta kama nono ta fi rabin awa, hannunta damƙe da wuyan rigata.

Laraba, 17 ga Satumba

Yau na yi asara, kuma laifina ne da ban yi bayani ba. Na dawo na tarar Ummi ta wuni a kan kunu da ruwa, robobin biyu an wanke an kife. Iya ta ce da ta buɗe ta ga nonon ya rabu biyu, wani abu fari-fari ya taso sama, ƙasan kuma tsararo kamar ruwan shinkafa, sai ta ɗauka ya lalace ta zubar. Mililita 200, tatsar wuni guda da asuba guda.

Ban ce komai ba sai da na sha ruwa na huce. Sannan na ɗauko wanda na tatso yau, na ajiye ya kwanta, na nuna mata maiƙon da ya taso, na juya robar a hankali ya koma ya haɗe. Na ce mata kamar nonon saniya ne da ake bari ya kwana, mai ne ke tasowa, kuma shi ne ke sa yaro ƙiba. Wanda ya lalace tsaminsa ake ji a hanci, kuma ko an juya ba ya haɗewa. Ta riƙe haɓa ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin nonon mutum a roba ba. Gaskiyarta. A zamaninsu uwa na nan, ɗa na nan.

Firji kuma na cire shi daga lissafi. Wutar da za a kawo awa uku a ɗauke ba ta ajiya ba ce. Ƙanƙarar ₦200 kullum, abin da na tatsa yau shi za a sha gobe da safe, ba ƙari.

Juma'a, 19 ga Satumba

Hajiya, kakar Ummi, ta zo duba takwararta. Ta ga idona ya faɗa, ta ga kula da robobi, sai ta ce wa Abban Ummi wannan wahalar ta isa, a kawo mata kishiyarta ta riƙe mako biyu, a shafa ɗaci a nono, a karɓo rubutun yaye, kowa ya huta. Ta kuma ce nonon da ya wuni a jiki cikin rana ya yi zafi, shi ke sa yara zawo, in na dawo in riƙa matse na farko in zubar.

Ban tanka a gabanta ba, ba tarbiyyata ba ce. Kuma na san tausayina ne ya sa ta faɗa. Da dare muka zauna da shi. Na ce masa nono ba ya tsami a jikin uwa ko ta wuni a rana, kuma yarinya 'yar wata shida yawancin abincinta har yanzu nono ne, cokali ukun kunun nan ba za su riƙe ta ba. In an cire ta yanzu, gwangwani za a koma, ya kuma san inda gwangwani ya kai mu. Shi da kansa ya kawo aya ta 233 a Baƙara, inda aka ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa, aka kuma rataya yaye a kan yarda da shawarar uwa da uba. Ya ce to ga shawarar an yi, ba a yarda ba. Shi zai je wa Hajiya da maganar ta hanyar da ta dace.

Litinin, 22 ga Satumba

Lafiya. Mililita 120. Kunu sau biyu, an ƙara dafaffiyar kabewa da ɗan man gyaɗa.

Asabar, 27 ga Satumba

Ban iya rubutu ba kwana huɗu. Ranar Talata aka haɗa min darasi uku a jere saboda wata malama ba ta zo ba, tara kuma aka kira taro, ban tatsa ba sam. Na dawo gida nonon hagu ya yi tauri kamar dutse, da ƙululu ta wajen hammata. Na ce zai sake. Laraba da dare sanyi ya rufe ni, haƙora na haɗuwa, wurin ya yi ja ya ɗau zafi, ko zane ba na so ya taɓa. Na ɗauka maleriya ce, don damina ce. Alhamis da safe Abban Ummi ya kai ni asibiti, gwajin maleriya bai nuna komai ba. Likita ta duba ta ce nonon ne ya taru ya kumbura har ya jawo zazzaɓi.

Tambayar farko da na yi mata: in daina ba ta wannan ɓangaren? Ta ce kada in kuskura. Nonon ba zai cutar da yarinya ba, kuma dainawar ce ke sa wurin ya tara ruwa har a kai ga tsagawa. In ci gaba da ba ta kamar kullum, in ɗora tsumma mai sanyi bayan ta sha, kada in murza wurin da ƙarfi, in huta, in shanye maganin har ƙarshe ko na ji sauƙi. Kati da magani ₦9,800.

Kamun farko sai da na ciji gefen filo. Yau ƙululun ya ragu sosai, zazzaɓi ya sauka tun jiya. Na tuna da a ce mun bi shawarar yaye dare ɗaya, da ɓangarori biyun ne za su yi haka. Litinin zan nemi a gyara min jadawali, darasin da ke bayan tara ya zama babu kowa a kaina.

Laraba, 1 ga Oktoba

Hutu, sai na yi aikin garin kunu, wanda a wajen awo suke kira Tom Brown. Da gwangwanin madara na auna: gero shida, waken suya uku, gyaɗa ɗaya. Waken tun shekaranjiya na jiƙa shi, na tafasa, na murje ɓawon, na shanya, don in ba a yi masa haka ba yana kumbura ciki kuma ƙarninsa ba ya fita. Gyaɗar na zauna na tsince ta ɗaya-ɗaya. Sabuwa ce, ba ta gama bushewa ba, kuma duk wadda ta yanƙwane ko ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar da suya ba ta kashewa. Kowanne na soya shi daban a busasshiyar tukunya har ya yi ƙamshi, aka kai inji, na tsaya sai da mai injin ya fara wuce da geron wata mata don kada barkono ya biyo, na tankaɗe sau biyu. Duka ₦4,300.

Ta sha cokali biyar. Ba sukari, ba gishiri. Zuma kuwa na gaya wa Iya da kowa a gidan nan, sai ta shekara, ko lasawa.

Laraba, 8 ga Oktoba

Barci ya zama abin nema. Ta gane cewa da dare ina nan, sai ta mayar da abin da ta rasa da rana can: sha ɗaya, ɗaya da rabi, uku, asuba. Na daina tashi zaune, ina ba ta a kwance. Abban Ummi ya karɓi shirya yayanta da safe.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Gudawa, sau biyar ranar Juma'a. Jikina ya yi sanyi, don hoton wancan karon ne ya dawo min. Kowa ya ce haƙori ne. Haƙorin na nan tafe, dasashin ƙasa ya kumbura, amma da na bi diddigi na gano kunun safe ne ake ajiyewa a kofi har azahar a sake ba ta. Na haɗa ORS, wato ruwan gishiri da sukari na gudawa, leda ɗaya a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ina ba ta da cokali bayan kowace fita, da ƙwayar zinc ɗaya kullum da za ta yi kwana goma. ₦1,500. Asabar da Lahadi ina gida, na sake mata nono duk lokacin da ta nema, kuma shi kaɗai take karɓa da daɗin rai. Idonta bai faɗa ba, maɗigarta ba ta lotsa ba, tana fitsari. Yau sau biyu kawai.

A nan na ga amfanin abin da na riƙe. Yaron da aka yaye, in ya ƙi abinci, ba ka da abin da za ka ba shi ya karɓa.

Sabuwar doka: kunu a dama daidai wanda za ta sha a zama ɗaya, saura yayanta ya shanye ko a zubar.

Asabar, 25 ga Oktoba

Mako biyu shiru. Ƙwai dafaffe an murje a fate, hanta sau biyu a mako don jini, dankalin Hausa, wake da aka cire wa ɓawo, garin zogale kaɗan a kunu. Ta ƙi kifi sau uku, a na huɗu ta ci. Haƙori biyu sun fito.

Al'adata ta dawo. Na je sashen tazarar haihuwa, don kariyar da shayarwa ke bayarwa tana aiki ne kafin wata shida, in nono zalla ake bayarwa kuma jini bai dawo ba. Duka ukun sun wuce ni, kuma kwanika ita ce abin da zai fi saurin kawo maganar yaye a gidan nan.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Wata takwas, kilo 7.8. Na mayar da makullin sito. Tun makon jiya Iya ke cewa robar farko kawai take sha, ta biyu tana dawowa, abinci take miƙa wa hannu. Ban tsaya dare ɗaya ba, na koyi darasi. Na riƙa rage mintunan tatsa kullum, daga 15 zuwa 10 zuwa biyar, har ya zama in ya cika sai in matse kaɗan don ya sassauta. Yanzu jikin ya gane, ina kaiwa biyu da rabi ba tare da ciwo ba, da la'asar kuma akwai abin da zai ƙosar da ita. Robar asuba ɗaya dai ina bar mata.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Lissafi tun daga Agusta: Iya ₦50,000, kayan tatsa ₦24,600, ƙanƙara ₦7,000, asibiti da magani ₦11,300, garin kunu sau uku ₦12,400, ƙwai da hanta da sauransu kusan ₦15,000. Jimla ₦120,300. Na tambayi ƙaramin gwangwanin madarar jarirai a kanti, ya haura dubu tara, kuma na san daga yayanta ba ya kaiwa mako. Famfon da na fi kashe wa kuɗi kuwa hannuna ya fi shi aiki, zan ba ƙanwata.

Hajiya ta zo jiya. Ta ɗaga Ummi ta jinjina, ta ce kishiyar nan tata ta yi nauyi. Ta ce a ba ta cokali ita za ta ba ta fate. Ba ta tayar da maganar rubutu ba, ni ma ban tayar ba.

Laraba, 10 ga Disamba

Wata tara. An yi mata allurar ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, kilo 8.1. Ta yi kuka, na juya baya a benci na ba ta, ta yi shiru.

Hunturu ya shigo, hanci na yoyo, leɓe ya tsage, ina shafa mata man kaɗanya. Hutun zangon farko ya kusa. Abin da nake tsoro shi ne in ina gida ta koma nono dare da rana ta watsar da cokali, Janairu mu koma farko. Don haka ko ina nan, Iya za ta riƙa zuwa da hantsi ta ba ta abinci a lokacin da ta saba, ni in shige ɗaki da takardun jarrabawa. Abinci zai koma sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin riƙewa a hannu, ayaba ko dafaffen dankali. Shan ƙarfe ɗaya da rabi na dare shi nake so in fara cirewa a hutun, Abban Ummi ya ce zai riƙa goya ta a kafaɗa zuwa ta koma barci. Gobe zan jiƙa waken suya, garin ya kusa ƙarewa.